Godiya ga Gwaggo Mai Mabuɗi

Ranar sadakar bakwai ta mahaifinmu, a ƙauyenmu da ke tsakanin Magariya da Dungas, na ji labarin da ya ƙona mini rai. Ashe tun yana kwance ya kira yayarsa, Gwaggo, ya danƙa mata mabuɗin ɗakin ajiya, ya kuma ce babban rumbu na gandu yana hannunta. Ni ne babban ɗansa. Ni na yi lakwal har Damagaram, ni ne mushe, wato malamin makaranta, da yara ke miƙewa tsaye in na shiga aji. Amma mabuɗi ya tsallake ni, ya je ya ƙullu a bakin zanen tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba. Na haɗiye saboda idon jama'a. Yau ga ni da alƙalami zan yi abin da bakina ya kasa, domin ban san yadda namiji mai iyali zai durƙusa gaban gwaggonsa ya ce mata ya gode da ta hana shi ba.

Daminar 2021 ta ba mu kashi, kowa ya sani. Ta 2022 kuwa Allah ya rama mana. Dammunan hatsi suka yi tsiri a bakin gida, wake ya yi, riɗi ya yi. Ni kuma na riga na kashe kuɗin a zuciyata tun ba su shigo ba: babur, kayan auren ƙanena, da kwano a kan ɗakina. Masu saye ba su yi wuya ba. Mu nan iyaka a bakin ƙofa take, ta Tinkim a fita Babban Mutum da Babura, ta Dungas a gangara Maigatari ranar Alhamis, naira kuma tana yawo a aljihunmu kamar sefa. Na same ta da hantsi tana ɓarar gyaɗa a tire.

"Gwaggo, a buɗe rumbun nan a rage, ga mutane sun zo da kuɗi a hannu."

Ba ta ɗago ba. "Mai sunan Malam," haka take kirana, don sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kama shi, "dami nawa ne a ciki?"

Na ce da yawa.

"Da yawa ai ba lissafi ba ne. Baki nawa ke ci a gidan nan? Tiya nawa ake dakawa kullum? Kwana nawa daga yau zuwa sabon hatsi?"

Ni da ke dukan allo ina koya wa yara rabawa da ninkawa, ko ɗaya ban amsa ba. Sai ta share ƙasa da tafin hannu, ta ɗebi 'ya'yan gyaɗa ta fara jerawa. Baki 14. Tiya uku a rana lokacin rani, huɗu in an shiga noma, don mai riƙe da hauya ba ya aiki da furar ruwa. Damin gonarmu in an sussuka yakan ba da tiya shida, in ya yi kyau bakwai. Ta ware zakka, ɗaya cikin goma. Ta ware iri, ta sake ware wani irin, wai ko shukar farko ta ƙone. Ta tura 'ya'ya biyu gefe saboda matata tana da ciki, akwai suna a gaba. Ta tura wasu ta ce na baƙo ne da na makoki, waɗanda ba sa aiko da manzo. Ko da ta gama, abin da na kira da yawa bai rage ba sai dami goma sha wani abu. Ta ce in sayar da waɗannan, in haɗa da riɗi da gyaɗa. "Su na kasuwa ne. Hatsi na ciki ne." Da na matsa, na ce kuɗi ma ai ajiya ne, sai ta watsa ɓawon gyaɗa ta ce ita ta ga ranar da kuɗi ya koma takarda.

Na ɗauka surutun tsufa ne. Wata biyu tsakanina da ita sai ina kwana, lafiya lau. Babur dai ban saya ba, auren ƙanena kuma aka yi shi daidai ƙarfi.

Ranar da take nufi a 1984 take. A watan Afrilun shekarar gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, aka ba mutane 'yan kwanaki su canja abin da ke hannunsu. Wanda ke wannan gefen da nairarsa a gwangwani, ina zai kai ta? Daminar da ta biyo baya kuma ta ƙi. Shi ya sa har gobe tsofaffin Maraɗi da Damagaram ke kiran waccan yunwa El Buhari. Gwaggo tana da goyo a lokacin, mijinta ya sayar da amfanin gona ya tara naira, sai ga shi ba hatsi ba kuɗi. Ta ci dusa, ta ci tafasa ba ƙuli, ta ga maza sun fita da sunan neman abinci, wasu ba su dawo ba. Sai 1986 aka buɗe iyakar.

Shekara 39 bayan 1984 abin ya dawo kamar an aiko shi. Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin ƙarshen Janairun 2023, ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Waɗanda ke da asusun banki a can ma sun kwana a layi, balle manomin ƙauyenmu da bai taɓa shiga banki ba. Na ga maƙwabci yana yawo da tsofaffin takardu a leda, 'yan canji suna yi masa tayin wulaƙanci. A watan Yuni naira ta zube. Ranar 26 ga Yuli aka yi juyin mulki a Yamai, kafin a ce me aka rufe iyaka, kaya suka yi tashin gwauron zabo, kuma duk wannan ya faɗo a Agusta, watan da rumbu ke amsa kuwwa in an yi magana a cikinsa.

Namu bai amsa ba. Gwaggo ta buɗe shi ne da aka fara noman fari, kamar yadda kakanninmu ke yi da rumbun gandu, ta dinga auna tiya huɗu kowace safiya, ba ƙari ba ragi. Abin da ban sani ba sai daga baya shi ne inda rabon baƙo ya dinga tafiya. Bayan isha'i takan aiki ƙaramar yarinya da ƙwarya rufe da faifai zuwa gidaje biyu ko uku, ciki har da gidan mai leda, da gargaɗin kada ta tsaya hira, kada ta bi ta dandali. Da na sayar da hatsin nan a kaka, da mu ma ƙwaryar wani za mu jira.

Ban ba ta haƙuri ba, girman kai bai bari ba. Abin da na iya shi ne na fara zama kusa da ita, ita kuma ta yi kamar ba ta lura ba, ta fara sa ni aiki. Yadda ake shanya zogale da tafasa da yakuwa a inuwa don kada rana ta cinye korensu. Yadda ake zaɓen zangarniyar iri tun tana tsaye a gona, a rataye ta inda hayaƙin murhu ke ratsawa. Yadda ake ɗora harawa da karmami a kan rumfa tun kafin su yi tsada, domin akuyar da ta shiga bazara da ƙiba ita ce kuɗin magani. Waɗannan duk wanda ya tashi a ƙauye ya gan su, ni ma na gani, amma da idon wanda ke shirin barin ƙauyen.

Darasin gawo shi ya fi zauna mini. Lokacin sassabe ne, zafi ya kai inda ya kai, muna gona ni da ita da yara. Na ɗaga gatari zan sare wani ɗan tsiro mai ƙaya da ya fito a tsakiyar kunya, sai na ji sandarta a gwiwar hannuna. Ta durƙusa ta tone gindin da yatsa, ta nuna mini kututture mai kauri a ƙarƙashin rairayi. Ashe abin da na ɗauka ɗan tsiro ne tsohuwar bishiya ce da ake yankewa duk shekara, saiwarta na nan da rai tana jiran a ƙyale ta. Cikin rassa bakwai ko takwas da suka fito ta zaɓi biyu masu miƙewa, ta sa na datse sauran. Ta nuna mini in riƙa yanka daga ƙasa zuwa sama da wuƙa mai kaifi, don kada ɓawo ya yage. Ta sa aka bar 'yan rassan sama, ta yagi tsumma daga tsohon ɗankwali ta ɗaura a jiki, alamar cewa wannan yana da mai shi.

Gawo itace ne mai bauɗaɗɗen hali. Da damina, lokacin da kowace bishiya ke ado, shi zubar da ganyensa yake, ya tsaya tsirara; hatsin da ke gindinsa ya samu rana, ya samu takin ganyen da ya zube. Da rani kuma ya yi kore shar, dabbobi su kwanta a inuwarsa su bar kashi, su ci 'ya'yansa, har a kai buhunsu kasuwa. Je ka duba kowace gona a watan Satumba, hatsin gindin gawo ya fi na fili tsayi da duhu. Tsofaffi suna ba da labarin cewa Sarkin Damagaram Tanimu ya sa doka mai tsanani a kan saran gawo tun a ƙarni na 19. Daga baya itatuwa suka zama na gwamnati, malaman daji suka zama abin tsoro, manomi ya ga gara ya tumɓuke tsiro tun yana ƙarami da ya girma ya jawo masa tara. Bayan yunwar 1984 ne abin ya juya. A Maraɗi wani ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya yaɗa wannan dabara da ake kira sassabin zamani. A nan wajenmu kuwa galibi manoma ne suka farfaɗo da abinsu, ɗaya na kallon gonar ɗaya. Da masu bincike irin su Mahamane Larwanou da Chris Reij suka zagaya Magariya da Matamai da Mirya a 2006, sun ƙiyasta gonakin da itatuwa suka dawo a cikinsu, akasari gawo, sun kai hekta miliyan ɗaya. Na karanta wannan da Faransanci na yi ta jinjina kai, alhali ɗaya daga cikin waɗanda suka yi aikin tana tsakar gidanmu tana kaɗa miya.

Kada a ce na mai da ita waliyyiya. Gwaggo tana da taurin kai, kuma a kan wake ta yi kuskure. Ita toka ta sani da yashi da barkono, a cuɗa a zuba a tulu a liƙe. Yana yi, amma ga ɗan kaɗan. Masu buhuna da yawa kuma sukan jefa ƙwayar magani mai warin tsiya a ciki, su kwana ɗaki ɗaya da ita, wanda ganganci ne da rai. Ni kuma a kasuwar Magariya na taɓa tsayawa wurin wani malamin gona yana nuna buhun PICS, mai riɓi uku, wanda masana na jami'ar Purdue ta Amurka da na cibiyar INRAN ta Maraɗi, irin su Ibrahim Baoua, suka yaɗa tun wajen 2007. Shi ma malamin nan yana cikin godiyata, ko da yake ba zai tuna fuskata ba. Leda biyu ne masu kauri, ɗaya cikin ɗaya, sai buhun saƙa a waje. Kafin a zuba komai sai a hura wa kowace leda iska a danna, a ji ko tana tsiyaya. Wake ya bushe ƙayau, a sheƙe shi, a zuba a hankali ana girgizawa. A matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki, a lanƙwasa, a ɗaure. A yi wa ta biyu haka, ita kaɗai. Sannan buhun waje. A ɗora a kan katako nesa da bango saboda ɓera. Ba magani ko ɗigo. Ƙwarin da ke ciki su da kansu za su shanye 'yar iskar da ta rage, su daina ci, su bushe.

Ta ce leda ba ta tsare abinci. Muka raba waken biyu, nata a tulu, nawa a buhu. Bayan wata biyar muka buɗe a gaban matan gida. Nata ya tsira, amma da huji nan da can. Nawa ya zubo a tire yana ƙara kamar ranar da aka casa shi. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta fasa da haƙori, ta juya ta a tafin hannu.

"Ɗauri nawa ka ce?"

"Uku, Gwaggo."

"Kuma in an kwance sai an sake duka?"

Na ce ƙwarai, in ana yawan buɗewa ma aikin ya ɓaci.

"To mai wannan dabara ya san halin mutum, ba na ƙwaro kaɗai ba."

Na daɗe ina juya maganar nan. Buhun da kwance shi ke da wuya, ba a taɓa shi don kuɗin shayi ko katin waya. Da na waiwaya sai na ga duk abin da ya tsirar da mu irin wannan ƙulli gare shi. Akwatin asusun da matata ta shiga, irin na Mata Masu Dubara da ƙungiyar CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, kwaɗo uku ne a jikinsa, mabuɗan a hannun mata uku, akwatin a ɗakin ta huɗu. Ko miji ya yi lallashi, ko ya yi faɗa, ba abin da zai fito sai ranar taro a gaban kowa. Na gwada, shi ya sa na sani. Haka jinginar amfanin gona da ma'aikata ke kira warantaj, wadda ta shigo Nijar a ƙarshen shekarun 1990: manoma su tara buhunansu a kaka, a sa kwaɗo biyu, ɗaya na ƙungiyarsu ɗaya na mai ba da rance, su karɓi bashi su yi sana'ar rani, in sun biya a buɗe lokacin da kaya suka yi daraja. Muna yawan cewa ba a fafe gora ranar tafiya, amma ni abin da na gani, fafe gorar ba shi ne mai wuya ba. Hana kai shanye ruwan tun ana bakin gari, nan gizo ke saƙa. Mahaifina ya san hannuna sake yake, shi ya sa ya ba wa wata riƙon igiyar.

Sai dai ba zan yi wa kowa gori ba. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 900,000 a Magariya da Dungas, yau kuwa sun ƙaru sosai, gonar da kaka ya noma shi kaɗai jikoki goma ke rabawa. Akwai gidan da hatsinsa ba ya kai wata huɗu ko an yi ɗauri goma. Akwai wanda tun hatsi na tsaye ɗan kasuwa ya riga ya mallake shi da bashin damina. Irin wannan ba wa'azin tanadi yake buƙata ba, kuma mu masu albashi da ke saurin cewa talaka ba ya tsari ya kamata mu ji kunya. Mu mun samu abin kullewa ne, muka kuma samu mai kullewa.

Akwai wata baiwar Allah da ba zan rufe ba ban ambata ba, 'yar sa-kai ta kiwon lafiya a ƙauyenmu. Ita ta koya wa matata auna damtsen yaro da ɗan zaren nan mai launi uku: kore lafiya, rawaya a kula, ja kuma, wato ƙasa da milimita 115, a ɗauki yaro a tafi likita ko tuwo na kan wuta. Dabara ce da ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka fara damƙa wa iyaye mata a Mirya. Wanda ya ga daminar 2018 ya san darajarta. A watan Satumban shekarar likitocin ƙungiyar MSF, waɗanda ke aiki a Magariya tun 2005, sun ce kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana a sashen yara, zazzaɓin sauro da tamowa sun haɗu, da yawa kuma ba a kawo su ba sai da ƙarfinsu ya ƙare. Zaren yana rataye a ƙusa ɗaya da carbin Gwaggo. Da farko ta fi yarda da jiƙonta. Yanzu ita ke tsare ƙofa in watan rabon maganin rigakafin zazzaɓi ya kama, ta tabbatar kowane yaro ya haɗiye na kwana ukun cif, har ta buɗe bakinsa ta duba.

Gwaggo, na san wata jikarki ce za ta karanta miki wannan, kuma na san za ki ce ɓarnar takarda ce. Ki yi haƙuri ki saurara. Na gode da ranar da kika ƙi ɗago kai. Na gode da wata biyun da na yi ina kumbura kika bar ni, ba ki kai ƙarata wurin kowa ba, ba ki kuma rage mini tuwo ba. Na gode da ba ki taɓa ce mini "ban faɗa maka ba?", ko a Agustan nan da kike da cikakken ikon faɗa. Kin riƙe amanar ƙanenki, kin rufa wa 'ya'yansa asiri har da wanda ya fi su baki. Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan Baba da ya san wa zai ba, ya ƙara miki lafiyar gwiwa, ya sa ki ci 'ya'yan itatuwan da kika ɗaura wa tsumma, ko da dai na gawo awaki ne za su ci a madadinki.

Kakar da ta wuce na kai mata turmin atamfa da goro. Ta shafa atamfar ta tambayi kuɗinta, na rage rabi na faɗa, duk da haka ta ce an cuce ni. Sannan ta jawo bakin zanenta, ta daɗe tana fama da ƙullin don yatsun sun fara ƙin lanƙwasa. Na gyara zama, na goge tafin hannuna a riga. Da mabuɗin ya fito sai ta ɗaga murya ta kira matata daga madafa, ta sa mata shi a hannu, ta rufe da nata. Ni kuma ta juyo ta ce jinkar rumbu ta fara ruɓewa ta gabas, in nemo shuci tun kafin ya yi tsada.